Hoton da malamina ya hana ni gogewa

Shekarun baya, lokacin ina koyon haɗa fim a Konni, saura ƙiris in ajiye sana'ar nan in tafi dakon siminti a Malbaza.

Malamina dattijo ne. Ya daɗe yana aikin montaj a Yamai, wato yanka hotunan bidiyo da jera su har su zama labari. Da birni ya ishe shi sai ya dawo gida ya buɗe ɗan shago, yana koya wa duk mai so. Dokarsa guda ce: ba a yanka komai sai an kalli duk abin da kyamara ta ɗauko, ko da akuya ce take tuƙa. Ni kuwa Allah ya yi ni da gaggawa. Da na kai hannu sai ya ce, "Zamna bisa hannuwanka, yaro. Ido ka fara aiki."

Damuwata ba a shagon take ba, tana gida. Ni ɗan fari ne, kuma mahaifiyata, a ƙauyenmu kusa da Bazaga, irin matan nan ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana, "wancan" take cewa. Ba ta haɗa ido da ni. Ranar da na bar gona na kama kyamara ba ta ce uffan ba, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin fushi. Abin ya daɗe yana cina. Don haka da kawuna ya samo mini gurbi a Malbaza, na ce masa to, bari a gama bikin ƙanwata.

Ni na ɗauki bikin. Kyamara ta biyu na ba abokina, shi kuma da ya ji ƙamshin tuwo sai ya ɗora ta a kan turmi ya tafi, bai ko kashe ta ba.

Da muka zauna haɗawa, muka zo kan abin da kyamarar kan turmin ta ɗauko, na ce, "Malam, wannan shara ce, in goge?"

Ya ce, "Ka kalla?"

Haka muka zuba ido. Ƙafafun mutane, kaza, gindin randa. Har na fara gyangyaɗi, sai ga mahaifiyata ta shigo hoton da aminiyarta, suka zauna a tabarma dab da turmin. Ido ta kafa wa wani waje ba ta ko ƙiftawa. Da na lura, ashe inda nake tsaye da kyamara take kallo.

Aminiyar ta ce, "Ke kuwa ba ki hana shi wanga aiki na yawo?"

Mahaifiyata ta ce, "In hana shi? Ni da nika roƙon Allah kullum shi sa mishi albarka ciki? Dibi yadda manya ka tsayawa in ya ce su tsaya." Ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Sai ta kira wata jikarta ta miƙa mata ƙwarya. "Kai ma wancan hura, tun sahe bai ci komi ba. Kak ki ce ni na aiko."

Na tuna furar nan sarai. Na shanye ta a tsaye, har na yi wa wata gwaggona godiya a zatona ita ta aiko, ita kuma ta amsa ba tare da ta san dalili ba.

Ƙato da ni na fashe da kuka. Malam ya tashi ya fita wai zai sayo goro, mutumin da ko haƙoran cin goro ba shi da su.

Da ya dawo na ce da wannan zan buɗe fim ɗin, kowa ya gani. Ya girgiza kai. "In ka sa shi, ka tona ta gaban gari. Ba don taro ta hwaɗa ba. Cire shi, naka ne kai ɗai." Na yi gardama, na ce ai shi ne mafi kyau a duk bikin. Ya ce ya sani, shi ma ya sha cire mafi kyau.

Na cire. Da na je gida na shaida wa kawuna ba zan tafi Malbaza ba, mahaifiyata tana gefe tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta dai ce wa rariyarta, "To, a riƙa cin abinci."

Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yanzu ni nake koyarwa, kuma ɗalibaina suna ƙorafi a kaina kamar yadda na yi a kansa. Ina gode masa da ya koya mini kallo, amma na fi gode masa da ya hana ni kunyata uwata a ranar da murna ta rufe mini ido.

Har yau ba ta san na gani ba. Ba ta riƙe waya, ba ta karanta irin waɗannan rubuce-rubucen. Ku kuma 'yan garinmu, don Allah ku rufa mini asiri.