Kogin da Kaka Ya Ja a Ɗakin Yara

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kakana, mahaifin babana, wanda unguwa ta sani da Baba Mai Fenti. Ya haura shekara tamanin da biyar. Da aka zo yi masa wanka, an tarar da shuɗin fenti a gefen farcensa.

Kaka, yau ni zan yi magana kai ka saurara, tunda da ranka ba ka taɓa bari na kai aya ba.

Da wuya a sami allon shago a layinmu da ba hannunka ba ne. Kai ka zana wa mai aski kan wani saurayi, ya yi kyau har samari suka riƙa cewa a yi musu irin na allo, bawan Allah ya yi ta gumi bai iya ba. In yaro ya buɗe shago ba shi da ƙarfi, sai ka rubuta masa allo ka ce, "In ka tsaya da ƙafarka, ka kawo mini ruwan sanyi." Ruwan sanyi kam ka sha shi a layin nan.

Da ka zamo daga tsani shekarun baya, babana da Goggo, ƙanwarsa, suka yi taro a kanka. Suka kai tsanin gidan maƙwabta, suka sayo maka kujera mai taushi da rediyo, wai ka huta. Ka zauna kamar kazar da ruwa ya doka, abinci ma sai an yi da gaske. Wata safiya na same ka a tsakar gida kana dama fenti a gwangwani. Ka ce, "Amarya, tsani suka ɗauke, bango yana nan." Haka kake kirana, ni kuma in ce me zan yi da tsohon miji mai warin fenti.

Daga baya hannunka ya fara rawa. Wannan ya fi faɗuwar ciwo, domin mai rubuta allo da miƙaƙƙen layi yake taƙama. Na tsaya a bayanka ka ja harafi ya karkace, ka goge, ka sake ja ya sake karkacewa. Wallahi na tsorata, na ce ƙarshen tika-tika ke nan. Kai kuwa ka daɗe kana kallon layin, sannan ka yi dariya ka ce, "Ashe ruwa hannun nan yake son zanawa, ni nake ta matsa masa." Tun ranar ka bar rubutu, ka koma zanen ruwa da ganyaye, inda rawar hannu take ƙara kyau.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara na asibiti. Ranar da ka biyo ni da makullin da na manta, ka leƙa ɗakin ka riƙe baki. "Yaro ya wuni yana kallon farin bangon nan, ta ina lafiya za ta shigo?" Shugabar ɗakinmu ta yarda ka yi zane, da sharaɗin ba hawa sama, kuma fenti mara wari. Ka ce kogi za ka ja daga bakin ƙofa, ya zagaye ɗakin, ya dawo bakin ƙofa. A lokacin likita ya riga ya gaya mana zuciyarka ta gaji. Babana ya ce ba za ka gama ba. Ni ma a raina haka na ce.

A kan 'yar kujera kake aikin, kana janta gaba kaɗan-kaɗan, don haka kogin ya zo daidai tsayin gadon yara. Su kuwa suka mai da kai yaron aikensu. Wannan ya ce kifi mai tabarau yake so, waccan ta ce kwale-kwale. Ka zana kada mai haƙori ɗaya ka ce ɗan'uwanka ne. Akwai wata yarinya da aka yi wa aiki a ƙafa, mun yi lallashin duniya ta ƙi takawa. Ka zana mata jan kifi a gefen gadonta, washegari ka zana shi can gaba, ka ce ya yi tafiya. Da kifin ya sha kwana ta daina hango shi, da kanta ta sauko, tana dafa bango tana mita.

Bangon ƙarshe ya ba ka wuya. Numfashi yana yankewa, burushi yana suɓucewa, wani lokacin ka fi daɗewa kana hutawa a kan kana zane. Goggo ta yi kuka ta roƙe ka ka bari haka. Ka ce mata, "Kogin da ya tsaya a hanya kududdufi ne, ni kuma ban yi wa yara alkawarin kududdufi ba."

Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci rasuwarka, ruwan ya iso bakin ƙofa ya haɗu da mafarinsa. Yara suka yi ta tafi, iyayensu mata suna sa albarka, babana yana tsaye a baya yana goge ido da hularsa. Ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba. Ka wanke burushinka a natse, na kama hannunka muka fito. Muna cikin tafiya ka tsaya, ka dubi doguwar barandar asibitin daga nan har can, ka rage murya ka ce, "Amarya, wannan bangon na waye? Ya yi fari da yawa."

Allah Ya jiƙanka, Kaka. Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sanya dariyar yaran nan a mizaninka, Ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga babana da Goggo, da 'yan'uwana jikoki, da mutanen layinmu, da yaran ɗakinmu da har yanzu suke tambayata yaushe tsohon zai dawo. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya ba mu tsufa irin naka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.