Murhun Inna Bai Mutu Ba

Shekara uku ke nan da ruwa ya ci mahaifiyata, Inna Hajo, a tafkin Kainji. Ina cikin jirgin. Daga Wara muka taso da kwalayen bandar kifi za mu kasuwar Yauri, iska ta taso, jirgin ya kife. Ni aka ciro da rai, ita sai washegari aka gan ta. Har yau in na ji ƙarar injin jirgi sai in toshe kunnuwana.

Ina sakandare malaminmu ya taɓa cewa ba kowane taro ne ƙungiya ba. Fasinjojin jirgi, in ji shi, taro ne kawai, ana sauka kowa ya kama gabansa. Ƙungiya kuwa sai an san juna, ana cuɗanya, akwai doka da manufa ɗaya, kowa da aikinsa, kuma in sun buɗe baki "mu" suke cewa. Na haddace don jarrabawa. Da na karanta wa Inna tana juya kifi, dariya ta yi ta ce, "Duk wannan dogon turanci? Ki ce mishi, waɗanda in ba ki zo ba za su ce ina wance."

Matan da take banda da su suna da doka: duk mai murhu tana da makonta na raka kifin kowa kasuwa. Wadda ta tsallake sau uku, a ba wata murhunta. Inna ce ta fi kowa tsanani a kai. Ƙanwarta ma ba ta ɗaga mata ƙafa ba.

Bayan sadakar arba'in na gaji murhun, amma ko bakin ruwa ba na iya zuwa. Makona ya zo ya wuce. Ya sake zuwa. Ina ta jiran ranar da za a kira ni a karɓe, don shi ke ciyar da ni da ƙannena. Ba a kira ni ba. Daga baya na gane sun raba makona a tsakaninsu, har da waɗanda ba sa ga maciji da Inna tana raye. Shekara uku! Nakan tambayi kaina, da tana nan, me za ta ce? Ta gode musu, ko ta yi faɗa an karya mata doka saboda ɗiyarta? Na san ta. Ina jin duka biyun za ta yi, faɗan ne zai fara.

Watan jiya Gwaggo Dije, babbarsu yanzu, ta same ni ina hura wuta.

"Ɗiyar Hajo, akwai masu jiran murhu, sun fara magana. Jibi makonki ne."

"Gwaggo, wallahi ba zan iya ba."

"Wa ya ce ke za ki iya? Mu za mu iya. Ke dai taho."

Na kwana biyu ban ci abin kirki ba. Da na isa gaɓa da safe, sai na tarar da su gaba ɗaya, sun bar wutarsu, alhali mace ɗaya doka ta ce. Suka ɗaura mini rigar ruwa mai hana nutsewa, suka zaunar da ni tsakiyar jirgi, suka kewaye ni kafaɗa da kafaɗa. Ko ina na juya zane nake gani da mayafi, ba ruwa. Gwaggo ta riƙe wuyan hannuna har Yauri, tana yi mini tsiya wai na fi Inna nauyi.

Ban warke ba, kada in yi muku ƙarya. Amma na yi makona.

Inna ba ta bar gida ko gona ba. Dokar da ta tsare ta bari, da matan da suka san ranar sassauta ta da ranar mayar da ita. Jiya wata baƙuwa ta tambaye ni su wa ke banda a nan. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Mu ne."

Allah Ya jiƙan Inna da duk waɗanda ruwan ya ɗauka tare da ita.