Ni Da Tankin Kifin Jikata

Ina gaishe ku da masu karanta wannan shafi, kuma ku yi haƙuri da rubutuna. Bokona na yaƙi da jahilci ne, shi ma wata bakwai na yi malamin ya gaji da ni. Lokacin da abin nan ya faru ni tsoho ne mai ji da kansa a Bukan Sidi, nan Lafiya. Na fi shekara talatin ina sayar da bandar kifi a kasuwa kafin gwiwa ta zaunar da ni. Tarwada, karfasa, ragon ruwa, daga ƙamshin kwando nake faɗa maka ko jiya aka sauke shi daga wuta. Saboda haka in ana zancen kifi ba na barin kowa ya kai aya. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, duk kifin da na sani a duniya sai da ya mutu muka haɗu.

Ina da jika, 'yar babban ɗana, tana karatu a jami'a. Tana da wasu jajayen kifaye na ado guda huɗu da ta ba wata ƙawarta ajiya, don an hana ta riƙe su a ɗakin kwanan ɗalibai. Sai ta sayo tanki na gilashi, tana neman gidan da za ta kafa shi. Gida biyu ne a gabanta: nawa, da na kakanta na wajen uwa da ke Arikya, mutumin da muka shekara ashirin muna takara a kan wanda ta fi so. Ta zaɓe ni, don ina da 'yar sola da za ta riƙe injin tace ruwan tankin, kuma na rantse mata kifi ya san ni. Da labari ya kai Arikya, an ce mutumin bai ci tuwon dare ba. Ni kuwa na ci nawa har da ƙari.

Ta zo ta wanke yashi ta shimfiɗa, ta jera duwatsu, ta dasa ganye, ta cika ruwa, ta kunna wani ƙaramin inji mai soso a ciki da ke jan ruwan yana tacewa. Na tambaye ta ina kifin. Ta ce sai bayan sati shida. Wai sabon ruwa ba gida ba ne tukuna. Kashin kifi dafi yake zama a cikinsa, sai wasu halittu da ido ba ya gani sun zauna a soson nan sun yi yawa, su ne ke cinye dafin. Aikina kawai kullum da safe in barbaɗa ɗan abincin kifi kamar yadda ake barbaɗa yaji, ya ruɓe a ciki su samu abin ci. Kada in sa kifi, kada in wanke soso. Ta ce in na saɓa, ranar da ta dawo za ta kira mai keke ya kai tankin Arikya. Na ce mata yarinya, tun ubanki bai iya saka wando ba nake harkar kifi.

Sati biyu na bi doka. Abin da ya ɓata ni shi ne majalisarmu ta ƙofar gida. Abokaina suka shigo ganin abin mamaki, suka same ni da bismillata ina ciyar da ruwa. Wani ya leƙa ta gaba, ya leƙa ta baya, ya tambaye ni ko kifin na aljanu ne. Wani ya ce shi ma zai gina garke ya dinga zuba dusa, in Allah ya so shanu za su tsiro. Daga ranar in na fito sai a tambaye ni ya kwanan iyalin ruwa. Abin da ya ƙarasa ni, mutumin Arikya ya bugo waya, da muryar ladabi, wai ya ji an ba ni gadin ruwa, yana min fatan alheri.

Washegari na hau keke na je wajen wani mai sayar da kifin ado, na kwaso goma a leda. Mai kifin ya tambaye ni ko tankin ya nuna, na ce masa ai ba mangwaro ba ne. Na juye su, na zuba abinci hannu sake don kada a ce baƙona ya kwana da yunwa, na kira majalisa. Ranar na sha kallo, har da masu ɗaukar hoto. Kwana uku ina sarauta. A na huɗu ruwan ya yi fari kamar an tsoma hannun fura, kifayen suka taru a sama suna buɗe baki. A na biyar biyu suka kife. Nan ilimina ya motsa. Na ciro soson na ga ya yi baƙi, na ce ga mugun nan, na wanke shi da omo tas har yana ƙyalli. Sannan na tuna a sana'armu babu abin da ke gyara kifi kamar gishiri, na ɗebo irin na garin Awe cike da tafi na watsa. Matata tana tsaye tana kallona, ta tambaye ni ko ta hura wuta ne, tunda na riga na sa gishiri. Kafin sati ya zagayo saura ɗaya, wani ɗan baƙi mai taurin rai, shi ma don ta tsame shi ta sa a bokitin ruwa mai kyau tana canja masa kullum.

Na zubar da ruwan, na cika sabo, na goge gilashi, na ɓoye bokitin a bayan buhun doya, na koma ciyar da ruwa kamar mutumin kirki. Jikata ta dawo da kifayenta huɗu a roba. Kafin ta sa su sai ta ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ta ɗiga wani magani. Ta ce in ya zama rawaya ruwa ya nuna, in ya zama kore akwai dafi. Ban taɓa roƙon Allah a kan launi ba sai ranar. Ya fito kore shar kamar miyar kuka. Ta ciro soson ta shinshina, ta dube ni, ta tambaye ni tun yaushe halittun nata suka fara wanka da omo. Ina cikin haɗa ƙarya ɗan baƙin nan ya fantsama ruwa a bayan buhu.

Na faɗi gaskiya duka. Da ta ji tara sun mutu ranta ya ɓaci, ni ma abin ya yi min ciwo, don rayuka ne, ba su yi min komai ba. Da na kai kan gishirin Awe kuwa dariya ta ƙwace mata har ta zauna a ƙasa. Ta ɗauko waya za ta kira mai keke. Matata ce ta cece ni. Ta ce a yi wa tsoho uzuri, da turancin jami'a aka yi masa bayani. Ta juyo ta tambaye ni ko na taɓa ganin Bafulatana ta zuba madara a sabuwar ƙwarya ta zama kindirmo ba tare da ta ɗiga tsohon nono ta rufe ta jira ba. Wallahi sai a lokacin na gane. Baƙin soson nan da na kankare, shi ne tsohon nonon.

Jikata ta yarda ta ƙara min dama ɗaya, da sharaɗin duk safiya in kira mutum ɗaya daga majalisa ya shaida ina ciyar da ruwa. Ta mayar da kifayenta wajen ƙawar, ta yanko min guntun tsohon soso daga tankin ƙawar aka haɗa da nawa. Na jira. Aka yi min dariya na taya su. Ranar da kwalba ta yi rawaya na zaga unguwa da ita a aljihu ina nuna wa har wanda bai tambaya ba. Ta sa biyu, bayan sati ta ƙara biyu, ɗan baƙin ya shiga daga ƙarshe. Yau shekara guda ke nan, duk biyar suna nan, in sun ga hulata sai su taso.

Abin da na koya, sanin abu ta fuska ɗaya ba ya hana ka zama jahilinsa ta ɗayar, kuma dariyar majalisa ba ta kashe kowa, gaggawa ce ta kashe min kifi tara. Duk wanda ya sayi tanki, ya bar ruwan ya nuna tukuna. Kada ya cika abinci, kada ya kai sabulu kusa da soso, in ya toshe ya ɗauraye shi da ruwan tankin kawai, gishiri kuma ya bar wa miya. Watan jiya mutumin Arikya ya sayi nasa tankin, ya zo har gida, hula a hannu, yana roƙon guntun sosona mai datti. Na ba shi, na ce ya je ya ciyar da ruwa sati shida. Kullum da safe nakan buga masa waya in tambaye shi ya kwanan iyali.