Ciwon da Ba a Zuwa Dubiyarsa

"Yaya, ko da rarrafe ne, ni zan raka ki asibiti." Talatu, bakinki ne ya faɗi haka a ɗakinki na Muchia, kina cin dambun da na kawo miki a kulata. Wata goma sha ɗaya ke nan.

Jama'a, na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba. Ga dalili.

A kasuwar Sabon Gari abin ya fara, ina tayin tumatir. Gabana ya yanke ya faɗi, hannuna ya jiƙe da gumi, numfashi ya ƙi shiga. Na sakankance mutuwa ce. Na bar tumatirin na tari keke zuwa asibiti a Samaru.

Daga ranar, kullum ne. A gaban ɗalibaina, a coci, a mota. An ɗebi jini, an manna min wayoyi a ƙirji, an duba maƙoshi. Albashina ya ƙare a gwaje-gwaje, kowace takarda ta dawo da "lafiya lau". Na tsani kalmar nan.

Ana cikin haka ƙanwata Talatu ta faɗo daga babur ta karye.

Ba zan ɓoye ba, na yi kishin ƙafar nan. Filasta fari fat, kowa na gani. Takalman 'yan dubiya sun cika ƙofa, ga kulolin farfesu, ga lemo, ga ayaba. "Sannu Talatu, yaya jiki?" Ni ina gefe ina wanke musu kofuna, ƙirjina kamar ana dakan sakwara. Da na buɗe baki, Gwaggonmu ta ce, "Karatu ne ya yi miki yawa. Cire abin a ranki." Sai ka ce ƙaya ce a tafin ƙafa.

Ni kaɗai na je wajen likitar ƙwaƙwalwa. Ita ta raɗa masa suna: ciwon fargaba. Na ce, "Likita, kashe min shi." Ta ce, "Malama, tun da kike kokawa da shi, wa ke kada wa? In ya zo, ki ba shi tabarma."

Na fita a fusace. Tabarma!

Wata Laraba ciwon ya iske ni a ofishin malamai. Na gaji da gudu. Na ajiye jan biro, na dafa ƙirji, na ce, "Sannu da zuwa. Zauna." Ya yi ta bugu, ni ina jan numfashi a hankali. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya tashi da kansa.

Ashe sannun da na yi ta jira a bakin mutane, a bakina take.

Bai mutu ba fa. Yana leƙowa, amma yanzu baƙo ne da ya san ba zai kwana ba. Na koma wajen mai tumatirin nan, na yi tayi har ta gaji da ni.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likitata. Na gode wa Maman Dauda ta Dogarawa, abokiyar zamana a bencin asibiti, wadda ta fara ce min, "Sannu, yaya jiki?" har na yi kuka gaban mutane.

In gabanka na faɗuwa, fara duba zuciya. In an ce lafiya, nemi likitan ƙwaƙwalwa, ba hauka ba ne. Kada ka yanke magani da kanka. In kuma wani ya gaya maka nasa, ka ce masa sannu ka yi shiru.

Talatu, ƙafa ta warke, na ga hotonki kina rawa a biki. Alhamis da ƙarfe takwas zan koma asibiti. In ban gan ki a ƙofata ba, zan tafi abina kamar kullum. A dawowa in biyo Muchia in karɓi kulata da har yau ba ki mayar ba, in cika ta da farfesu, in kai wa Maman Dauda dubiya.

Ita ma ba ta da filasta.