Ɗiyar Riƙon da Aka Maido

Jiya a bakin kasuwa wata mata ta wuce ni da tiren gwaba a ka. Ƙanshin ya tsayar da ni a tsakiyar hanya har wani ɗan kabu-kabu ya daka mini tsawa. Ban ji haushinsa ba, don hankalina ya riga ya koma Jiratawa, gindin wata doguwar katanga, lokacin ina shekara tara.

Mu a Sabon Gari muke, cikin Maraɗi, amma duk hutun damina can Jiratawa wajen Kaka ake kai ni. A bayan garinsu, kan hanyar lambuna, akwai gidan da ake kira gidan masera. Mata ne Kiristoci 'yan Katolika, amma ba irin waɗanda ake gani a asibiti ko a lakwal suna koyar da yara ba. Waɗannan ba sa fita. Sun yi wa Ubangiji alkawari cewa inda suka shiga nan za su mutu, aikinsu addu'a da shiru. Kaka tana ce musu masu kullen da ba miji. Ni dai ban gane ba. Idan ba miji, wa ya kulle su?

A bangon zauren gidan akwai wata ganga ta katako mai juyawa, an yanke mata baki a gefe ɗaya. Kaka takan zuba zogale da ƙwan zabi a ciki ta juya, kayan su shige, can gangar ta dawo da gwaba. Kusa da ita akwai taga mai sandunan ƙarfe da baƙin labule. A bayan labulen nan ƙawar Kaka take. Shekara talatin suna ƙawance, ba wadda ta taɓa ganin fuskar 'yar'uwarta. Daga wata ƙasa ta kudu ta zo, kuma a bakin Kaka ta koyi Hausa, har tsakin ma irin na Kaka take yi.

"Ƙawa, an kwana lahiya?" in ji Kaka.

"Lahiya lau, sai gwiwa."

"Ke kika ja wa kanki, kullum durƙuso."

"Ke fa da goshinki, kullum sujada?"

Sai su yi ta dariya, ɗaya a waje ɗaya a ciki. Ni abin da na sani nata hannu ne kawai, wanda ke fitowa ta ƙasan labule ya miƙo mini gwaba. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake, ga wani siririn zoben azurfa da ya yi masa yawa. Ban taɓa iya cewa na gode ba, sai in karɓa in ɓuya bayan zanen Kaka.

Akwai wani tudu a hanya inda ake hango igiyar shanyarsu. Ni kuwa yarinya ce mai ƙirga abin da ba a sa ta ba. Hutuna na farko, fararen mayafai bakwai na ƙirga. Na biyu, biyar. A wannan shekarar uku ne ke kaɗawa. Da na tambayi Kaka ina sauran, ta ce suna gindin gwaba. Na ɗauka hutawa suke yi a inuwa. Sai daga baya na gane a can ake binne su, na rasa ko in ci gaba da cin gwabar ko in daina. Ban daina ba.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, muryar ta fito ba dariya. Ta ce manyansu sun yanke shawara: gidan tsofaffi uku ba zai tsaya ba, za a kwashe su a haɗa da wani gida a wata ƙasa, inda su ma suka ragu.

"Ba ke kika ce nan za ki mutu ba?" in ji Kaka.

"Na ce. Har wurina yana nan kusa da nasu. Amma ba yara masu shigowa, ƙawa. Mun ƙare."

Muka koma gida. Da la'asar ta wanke kayana, ta zaunar da ni ta yi mini sabon kitso mai zafi. Washegari ta ɗaure zanena biyu da hijabi da buta da kayan lakwal a ƙunshi ɗaya, ta aza mini a ka. Ka san yadda ake yi a wurinmu: idan ƙawarka ba ta da ɗa, kai kana da su, sai ka ba ta ɗaya riƙo. Ba a tambayar yaron. Ni Baba ma ba a tambaye shi ba.

"Ƙawa, ga ɗiya na kawo miki," Kaka ta ce a bakin tagar. "Ba ta da surutu, daidai da gidanku. Ta iya shara, ta iya ɗiban ruwa. Sallarta kawai za ki bar ta ta yi. Ki rubuta wa manyanku kun zama huɗu."

Ta sauke ƙunshin ta cusa a ganga, ta juya. Kayana suka ɓace cikin bango. Na tsaya ina auna gangar da ido, ina tunanin ko ni ma ta nan za a tura ni, ko sai na naɗe ƙafafuna. Na tuna Inna, na tuna bencina a lakwal kusa da taga. Amma kuma, ban san dalili ba, wani ɓangaren zuciyata yana son ganin abin da ke bayan labulen.

Na ji wani sauti daga ciki, har yau ban san ko dariya ce ko kuka ba. Sai gangar ta juyo a hankali. Ga ƙunshina, da gwaba ɗaya a kansa.

"Ƙawa, nan ba a kawo mutum," in ji muryar. "Da ƙafarsa yake zuwa, ya ƙwanƙwasa da kansa."

Kaka ta juyo gare ni. "To, ƙwanƙwasa mana!"

Na ɗaga hannu wajen ƙofar ciki. Ya tsaya a sama, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ina jin kwaɗi suna kuka a lambu.

"Bar ta," muryar ta ce. "Kai ta gida."

"Shekara talatin," Kaka ta ce, "ki maido mini ɗiya kamar ƙwan da ya lalace?" Ta fizgi hannuna muka fita, ba sallama.

Mako uku Kaka ba ta taka hanyar ba. Zogalen ya bushe a faifai. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na ji daɗi ba a karɓe ni ba, na kuma ji kunya ba a karɓe ni ba. Ko ta leƙo ta ga wani aibi a jikina? Ko da na ƙwanƙwasa, da ba za su tafi ba?

Ranar nan mai kula musu da lambu, wani dattijo mutumin Tsibiri, ya tsaya a ƙofarmu ya ce gobe da hantsi mota za ta zo ta kwashe su. Kaka ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ci gaba da tankaɗe. Amma da safe ta riga ni ɗaura zane.

Babbar ƙofar da ban taɓa gani a buɗe ba ta buɗe. Tsofaffi uku suka fito, tufafinsu iri ɗaya, kai a sunkuye, suna taka laka kamar masu koyon tafiya. Kaka ta dubi wannan, ta dubi waccan.

"Wacce ce?" ta raɗa.

Ni hannaye nake kallo. A kan sandar ta tsakiya na ga yatsan nan a lanƙwashe, da zoben da ya yi masa yawa. Na ja zanen Kaka, na nuna.

Suka tsaya suna kallon juna.

"Ashe gajera ce ke," in ji Kaka.

"Ke kuma ashe ba haƙora."

"Ki gafarce ni, ƙawa."

"Ba ki yi mini komi ba. Ke kaɗai kika taɓa kawo mana wani."

Ta waiga wajen itatuwan gwaba, ta daɗe. Kaka ta ce, "Tahi. Ni zan riƙa share musu."

Yanzu ina lise, babbar sakandare. Gidan ya zama ma'ajiyar albasa, an toshe gurbin gangar da siminti, amma an bar ƙofar lambu. Kaka ta yi sharar har gwiwa ta kama ta ita ma, yanzu ni nake yi idan na je hutu. Kaburbura huɗu, da fili na biyar da aka kewaye da duwatsu, ba kowa a ciki. Shi ma ina share shi. Dattijon ya ce an ƙara haɗa gidan da aka kai su da wani, bai san inda take ba yanzu. Kaka kan dube ni ta ce, "Da kin ƙwanƙwasa." Na yi mata bayani sau da yawa cewa ba abin da zai canza, ni kaina ban gama yarda ba.

Bara, da na gama sharar, na je ƙofar nan da na kasa taɓawa a da, na ƙwanƙwasa sau ɗaya, don kawai in ji yadda take. Mai gadi ya leƙo, ya ce albasa ta ƙare.