Yadda Muka Kusa Kashe Auta da Maganin Sanyi

Ban taɓa ganin mutanen da suka iya ɓata abu da kyakkyawar niyya kamar danginmu ba. Ka ba su lafiyayyen doki kiwo da safe, kafin la'asar za ka tarar yana dogara sanda.

A shekarun tamanin ne, lokacin Gidan Kwano, inda jami'a take yanzu, gonakin doya ne da tsuntsaye. Ƙanena, autan Innarmu, yana karatun injiniyan noma a jami'ar garinmu Minna, aka zaɓe shi cikin ɗaliban da za su je kudancin Indiya koyon aikin noman rani. Babanmu ya rasu, don haka ni ne uba, ni ne ɗan aike. Na yi sintirin neman fasfo har takalmina ya buɗe baki yana gaishe da mutane a hanya. An yi masa allurar shawara, sakamakon jarrabawarsa ya yi kyau. Abu ɗaya ya rage, likita ya duba shi ya ce lafiyarsa lau. In ya faɗi wannan, ɗalibin da ke biye da shi ne zai hau jirgi. Shi kuwa wannan bawan Allah kullum sai ya tare Auta a ƙofar aji ya ce, "Ya jiki?" alhali Auta ko atishawa bai yi ba.

Ana cikin haka Inna ta ce sai ya zaga dangi sallama. A gidanmu ba a tafiya mai nisa sai an durƙusa gaban kowane babba, kuma abin da babba ya miƙo maka, a gabansa za ka shanye. Na ce a bari a gama da likita tukuna. Inna ta dube ni kamar na ce a sayar da gidan.

Muka fara da Kawu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda tun da ya yi ritaya ya zama masanin duk ƙasashen da bai taɓa zuwa ba.

"Indiya?" in ji shi. "Innalillahi. Ƙanƙara har gwiwa! Da idona na gani a silima. Shi ya sa ba sa zama wuri ɗaya, rawa suke ta yi a kan dutse kada jininsu ya daskare."

Na ce, "Kawu, inda za shi an ce ya fi Minna zafi."

"Ka je?"

"Ban je ba."

"To ni na gani. Rufe mana baki."

Nan take ya aika a kira wanzami, aka kafa wa Auta ƙaho a baya, wai a zuƙe mataccen jini, don shi sanyi ke fara kamawa. Kafin mu kai Paiko wajen Gwaggo, labarin ƙanƙara ya riga mu isa, har ya ƙaru a hanya ya kai wuya. Muka tarar ta tanadi jiƙon sassaƙe a ƙwarya, baƙi ƙirin, ƙudan da ya gifta ta kansa ma sai da ya yi layi.

"Shanye, ɗan nan. Wankin ciki ne. Ba a kai tsohon datti baƙuwar ƙasa."

"Gwaggo, likita zai duba shi fa," na ce.

"Ai gara ya tarar da cikin a wanke. Kai tun kana yaro bakinka ya fi ka girma."

Auta ya kalle ni, na kalli rufin ɗaki. Ya shanye. A motar dawowa sai da direba ya tsaya mana a kowace gona, har fasinjoji suka fara yi wa Auta sannu da aiki. Washegari dangin Kuta suka ji Paiko ta ba da magani, suka ce su ba a fi su son yaro ba, suka aiko da nasu a galan. Hatta maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai zuwa coci da ta goya shi yana jariri, ta shigo da kofin citta da barkono tana cewa, "Sha, yarona, sanyi ba ya kama ka." Wa zai ce mata a'a?

Ranar ganin likita, Auta ya zama kamar sillen kara da aka rataya wa riga. Likitan kuma, don Allah ya ƙara mini haushi, Ba'indiye ne. Ya ce a tuɓe riga. Ya ga bayan yaro ya koma tandar masa, rami-rami a jere. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wa ya yi masa wannan?"

Na ce maganin sanyin ƙasarku ne.

Ya ce shi a kudancin Indiya aka haife shi, bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin firji. Ya ce ba zai sa hannu wa mai zawo da rama haka ba. Mu dawo mako mai zuwa, in bai murmure ba, shi ke nan.

Na kai labari gida ina zaton za a yi nadama. Ina! Gwaggo ta aiko cewa alhamdulillahi, cutar ce ke fita, a ƙara masa. Kawu ya ce bakin mutane ne, a nemo hayaƙi. Na tabbata in yaron nan ya ƙara kwana a gidan, ba Indiya ba, ko bakin titi ba zai kai ba.

Sai na ja Inna gefe na ce, "Inna, ko dai mu ɓoye shi, ko ɗan wani ya tafi a madadinsa." Ta share ido da bakin mayafi, ta ce ita ba za ta yi ƙarya ba, amma in an tambaye ta za ta yi kuka kawai. Na ce hakan ma ya wadatar.

Na baza labari cewa an matso da tafiya, Auta ya wuce Legas. Na kai shi ɗakin wani abokina a bayan kasuwa, na kulle. Sakwara, tuwon shinkafa, shayi mai kauri, ba sassaƙe ba saiwa. Ko ganyen shayin sai da na bincika. Da muka koma, likita ya ɗora shi a sikeli, ya danna cikinsa, ya sa hannu. Mai tambayar "ya jiki" da ya ji, shi ya kwanta zazzaɓi.

Saura fita daga gari, ya hau jirgin ƙasa zuwa Legas. Na manta shaf cewa Kawu ba shi da wurin hira sai gindin mangwaron tashar jirgin ƙasa. Mun sa wa Auta babbar riga da hula har gira, muna raɓe-raɓe, sai na ji an ƙwala mini kira. Kawu ya taso, ya ɗaga hular, ya ƙura wa yaro ido. Na fara haɗa kalmar shahada.

"Sun dawo da shi ko?" ya ce. "Na sani! Sanyi ya koro shi. Na ce ƙahon nan bai isa ba, kuka yi ta gaggawa. Kai, a kira mini wanzami!"

Jirgi ya yi kuka. Na cusa Auta ta ƙofa kamar buhun gero, na wurga masa akwatinsa, na tsaya na tare hanya da jikina. Kawu yana ta dukan kafaɗata da carbi yana cewa zan kashe musu yaro, har jirgin ya ɓace.

Da Auta ya gama ya dawo, ya yi baƙi kamar gindin tukunya, wuyansa duk ƙurajen zafi. Dangi suka cika gida. Kawu ya tambaye shi ko sanyi ya dame shi, ya ce wallahi ko sau ɗaya bai rufa da bargo ba. Kawu ya juyo ya dube ni a gaban kowa.

"Ka ji ko? Ko mura bai yi ba. Da mun biye maka fa?"

Gwaggo ta ce ai jiƙonta ne, mutanen Kuta suka ce galan ɗinsu ne, aka kaure da musu. Ni kuwa har yau, in na faɗi magana a taron dangi, sai wani ya ce a bincika tukuna, wai ni ne na taɓa cewa yaro yana Legas alhali yana bayan kasuwa yana cin sakwara.