Tsawon Tarago Takwas

Zariya zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da kwata, ana sallame sallar asuba, mota ta tsaya a ƙofar gidana da ke Tudun Wada. Hajiya ta rako ni har zaure tana jan ƙafa, don ciwon gwiwa ne ya hana ta tafiyar. Ta miƙo mini ƙullin kuka da yaji, ta ce, "Wannan na surukarka ne. Saƙon ɗanka kuwa yana bakinka. Kada ka je ka dawo mana da shi."

Gara in faɗi abin da take nufi tun yanzu. A 1976 na kama aikin reluwe a tashar Zariya, ina haɗa tarago. Ƙugiya ta cinye mini rabin ɗan yatsa a aikin. Da jirage suka yi ƙaranci aka sallame mu, na koma sayar da yadi, na kuma rantse babu ɗana da zai ci abinci a kan dogo. Babban ɗana ya tafi Amurka karatun haɗa magunguna, karatun bai yiwu ba. Shekara tara da suka wuce ya bugo waya yana murna, wai ya sami aikin tuƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa a Washinton. Na ce masa, "Ashe teku ka tsallaka don ka tsinci abin da na zubar." Na miƙa wa uwarsa wayar. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, a majalisa kuma na riƙa cewa ma'aikacin ofishin gwamnati ne. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba tun da aka raɗa shi, sai dai "kai" ko "yaron nan". Na ɓoye fushina a cikin wannan kunyar, babu wanda ya iya raba su.

Direba ya ce, "Baba, da na sauke ku a Rigasa kun hau jirgi, ai ya fi sauƙi."

Na ce, "Ja mota, malam."

Shinge biyar muka wuce kafin Tafa, inda muka ci doya da ƙwai. Sha ɗaya da rabi muna filin jirgin Abuja. Awa shida zuwa Frankfurt, zaman jira, sannan kusan awa tara a kan teku.

Dulles zuwa Hyattsville

A filin jirgin Dulles jami'in kwastan ya ɗaga ƙullin kuka ya shinshina, na ce masa ganyen miya ne, ya mayar. A waje yaron nan ya durƙusa ya gaishe ni. Furfura ta fara fito masa a gemu, ban san da ita ba.

Muna kan babban titi sai na ga wani abu mai ƙyalli yana gudu a tsakiyar hanya, tsakanin masu zuwa da masu komawa. Na ƙirga tarago takwas. Babu kan jirgi, babu hayaƙi, babu ƙara sai wani siririn kuka.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Shi ne, Baba." Ya tambaye ni jikin Hajiya.

Gidansu hawa na biyu ne a Hyattsville, ɗaki biyu da falo. Matarsa Bilkisu, uwar jikata Hanifa, ta yi tuwon shinkafa, ta kaɗa kukar nan take. Ya ɗauki hutun kwana biyar ya yi ta yawo da ni, masallacin Juma'a, shagon kayan miyar Afirka, gidan wani likita ɗan Katsina a Annandale. Ko'ina a mota. Sau biyu muka bi ta ƙarƙashin gadar jirgi, sau biyun yana ƙara sautin rediyo. Rigar aikinsa ma ban gan ta a gidan ba. Daga baya na gane a but ɗin mota yake ajiye ta saboda ni.

Litinin, rana ta shida

Yaron nan ya koma aiki. Maƙwabcinsu Malam Issaka, mutumin Zangon Kumasi, ya haura shekara talatin a garin yana jinyar tsofaffi, yanzu ya huta. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, amma bakinsa ba ya hutawa. Na roƙe shi ya kai ni in ga jirgin.

Ya ce, "Alaji, kana da direba a gida, ka zo wurin fasinja?"

Tara da minti goma muka isa tashar West Hyattsville, tafiyar minti goma sha biyu a ƙafa. Babu mai yankan tikiti. Kati ne kake taɓawa a ƙofa idan za ka shiga, ka sake taɓawa idan za ka fita, na'ura ta cire gwargwadon nisan da ka yi. Na jefa goro a baki, Issaka ya nuna mini allo, ba a ci ba a sha a ciki. Na tofar a hankici.

Abin da na fara leƙawa dogon ne. Ya fi namu na da faɗi. A gefensa kuma ga dogo na uku, an yi masa rufi. Issaka ya ce nan wutar take, wanda ya taka sai dai a yi wa iyalinsa gaisuwa. Kowane tarago yana da injinsa a ƙarƙashi yana shan wuta daga nan, shi ya sa babu kan jirgi. Can sai fitilun bakin dandamali suka fara ƙyaftawa a ƙasa, alamar jirgi ya kusa. Mu a zamaninmu ƙararrawa ake bugawa.

Da ya tsaya ban shiga ba, na tsuguna ina kallon mahaɗar tarago biyu. Ƙugiyar da kanta take kamawa. Babu mutumin da zai shiga tsakani ya ɗaga ƙarfe yana addu'a. Na dubi ɗan yatsana, jirgin ya tafi ya bar mu.

Issaka ya ce, "Idan haka za mu yi, sai la'asar mu kai Fort Totten."

Muka shiga na biyun. Ya ce taragon nan biyu-biyu ake ƙera su, ba a raba su ko a wurin gyara. "Auren zobe ne, Alaji." Iri biyu na gani. Tsofaffin suna da ratsin ƙasa-ƙasa a jiki, wasunsu ma da can har da kafet a ciki in ji shi, sababbin kuwa ƙarfe ne zalla mai ƙyalli, da allon da ke nuna tashar da ke gaba. Na farko-farkon da aka fara da su duk an yi musu ritaya.

Bayan Fort Totten muka nutse. Na yi zaton zan ji kamar kabari ne, sai ga tasha kamar cikin tulu, rufin kankare mai gida-gida kamar saƙar zuma, haske yana tasowa daga ƙasa. Kowace tasha ta ƙasa kusan kamanninta ke nan. Muka sauka a L'Enfant Plaza, wajen manyan ofisoshin gwamnati, inda layuka ke haɗuwa wani bisa wani. A matakala mai tafiya da kanta na tsaya a hagu na baje babbar riga. Wata mata ta yi magana a bayana, Issaka ya jawo ni. "Dama ta masu tsayuwa, hagu ta masu sauri. Nan ko liman ne sai ya matsa."

A kan wani benci a waje muka ci gurasa da kifin gwangwani da ya yo guzuri, ya ba ni tarihi. Da tasha biyar aka buɗe, a Jan Layi. Koren Layi, wanda ya ratsa unguwannin talakawa, shi ya fi daɗewa ana jira, sai da aka shiga shekarun dubu biyu ya kai ƙarshensa. Na tambayi shekarar buɗewa, ya ce 1976. Shekarar da na fara shiga tsakanin tarago, a nan ana kafa jirgin da ba ya bukatar a shiga.

A hanyar komawa na lura da abu guda. Duk tashar da aka tsaya, direba yakan buɗe taga ya leƙo da kansa, ya dubi tsawon jirgin har ƙarshe, sai ya ga kowa ya shige sannan ya rufe ƙofofi. Na ce da Issaka, "Kowanensu haka yake yi?"

Ya ce, "Doka ne. Naka ma haka yake yi."

Talata

Da safe na tambayi Bilkisu layin da mijinta yake. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Abban Hanifa ya ce kada a dame ku da zancen aikinsa, Baba."

Na ce, "Ni nake damun kaina."

Ta ce Kore ne, tun asuba har azahar. Ta ƙara da cewa ba ta faɗa mini komai ba.

Takwas da rabi muna West Hyattsville, a can ƙarshen dandamali inda tagar direba ke tsayawa, ɓangaren masu shiga gari. Jirgi na farko mace ce ta leƙo, da kitso. Na biyu wani ƙato mai tabarau. Na uku, na huɗu. Issaka ya zauna a benci ya ce shi ƙafarsa ba ta yi wa kowa laifi ba. Mai kula da tasha ya zo ya tambaya ko mun ɓata, Issaka ya ce masa ɗa muke jira, ya tafi yana waiwayenmu.

Na bakwai tsohon tarago ne mai ratsi. Taga ta buɗe, kai ya leƙo da hula, gemu mai furfura. Bai fi taku uku tsakaninmu ba, amma ƙeya ya ba ni, idonsa na kan ƙofofi. Na ce, "Kai." Ƙarar tasha ta cinye. Na ce, "Yaron nan." Bai juyo ba, kuma me zai sa ya juyo, duk dandamalin yaran wasu ne. Na ji ƙararrawar rufe ƙofa ta fara. Shekara arba'in da ɗaya harshena bai ɗauki kalmar ba, na ji ta da nauyi kamar ƙugiya.

Na ce, "Habibu."

Ya juyo. Ya dube ni, ya dubi Issaka, ya sake dubana.

"Baba? Lafiya? Wani abu ya sami Hajiya?"

"Lafiya lau. Jirginka na zo shiga."

Hannunsa na kan maɓalli. Ya ce, "To ku shiga, Baba. Ƙofar nan ba ta san manya ba."

Muka zauna a kujerar da ke bayan ɗakin direba. Ta gilashi mai duhu ina hango kafaɗarsa da dogo yana shigewa ƙarƙashinmu. Muryarsa ce ke faɗin sunan kowace tasha. Na sa ido a kan birkinsa, don a nan ake gane direba. Wata mata tana tsaye da jaka a kowane hannu, ba ta riƙe komai ba, har muka tsaya a Columbia Heights ba ta gusa ba. Na san direbobi da yawa a Zariya, biyu kawai na sani masu hannu irin wannan. Na taɓa Issaka na ce, "Ɗana ne." Ya ce ai ya riga ni sani.

Branch Avenue

Kusan minti arba'in muka yi zuwa ƙarshen layi. Jirgin ba ya juyawa, direba ne ke fitowa ya taka zuwa ɗaya kan. Habibu ya fito ya kulle ɗakinsa, ya cire hula zai durƙusa, na riƙe kafaɗarsa.

Ya ce, "Minti kaɗan gare ni, Baba. Sai dai mu taka tare."

Issaka ya ce shi zai duba wani abu a allon taswira. Muka kama tafiya. Muka wuce tarago na farko. Na biyu na tambaye shi nauyin kowane ɗaya, ya faɗa, ban ji ba. A na huɗu na ga rabi ya tafi.

Na ce, "Maganar da na faɗa maka a waya, ba kai na faɗa wa ba. Haushin abin da ya same ni ne, na ɗora maka. Kuma na yi shekara tara ina gaya wa mutane ofis kake aiki. Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Muka wuce na biyar, muka wuce na shida. Ya ce, "Baba, kun san abin da ya sa na nemi aikin? Ranar da kuka ɗora ni a kan jirgi a Zariya, kuka ce wa direba ya bar ni in ja usur. Ina aji biyu."

Na manta da ranar sam. Shi yana riƙe da ita.

A ƙofar ɗaya ɗakin ya sa mabuɗi, ya ce, "Babu komai, Baba, Allah ya yafe mana duka." Ya mayar da hularsa, yana murmushi. "Ni dai na ɗauka kun manta sunan ne."

Na ce, "Ni na raɗa shi. Shiga ka ja, kada ka makarar da mutane."

Da yamma rigar aikin ta shigo gida, Bilkisu ta goge ta ta rataye a falo. Sauran kwana goma sha ɗaya da na yi, ban sake yarda an kai ni ko'ina a mota ba. Har Wheaton na je, na hau matakalar da ta fi kowace tsawo, ina tsaye a dama.

Komawa

Ranar tafiya a jirgin muka je Dulles, canji ɗaya a L'Enfant Plaza. Da na sauka Abuja na ce a kai ni tashar Idu, na hau jirgi zuwa Rigasa, karo na farko a ƙasarmu tun da aka sallame ni. La'asar sakaliya na shiga gida. Hajiya ba ta bari na cire takalmi ba.

"Ka kai saƙon?"

Na ce, "Habibu yana gaishe ki."

Ta dube ni, ta kama baki, ta shige ɗaki tana dariya tana share ido.

Bayan magariba na fita majalisa. Malam Tanimu mai shayi ya ce, "Alhaji, ya mutanen ofis?" Na ce su matso, akwai gyara a maganar da na daɗe ina faɗa musu. Na ciro hoton da Issaka ya ɗauka, kai a taga da hula, na ce, "Direban jirgi ne. Ku miƙa wa na gefe ya gani."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni da sauran numfashin faɗin wannan. Malam Issaka, Allah ya saka da alheri, ya ba ƙafarka lafiya. Bilkisu kuma, wadda ba ta faɗa mini komai ba, Allah ya yi mata albarka.